Jar Motar Darakta da Irin da Muka Ci

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Aikin Taimakon Manoma na Arewacin Adar, a Tawa.

Daga Asumana Illa, wanda ya yi maka tuƙi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon kwana.

Ranka ya daɗe, kai ba sai na gaya maka ko ni wane ne ba. Shekara tara na yi ina tuƙa motar aikinku, huɗu daga ciki a ƙarƙashinka. Amma tunda takardar a buɗe take, wasu ma za su karanta, bari in faɗa musu. Ni mutumin Dutsin Aduwa ne, wani ƙauye arewa da Barmu, inda gonaki suke ƙarewa makiyaya ta fara. Can uwata take, can yayana Abarshi yake noman gonar ubanmu. Ko in ce can suke a da.

Sau uku na zo biro, wato ofishinku, in gan ka tun bayan da aka sallame ni. Sau ukun sakatare ya ce ka tafi Yamai. A na ukun yana faɗa ina kallon jar motarka a inuwar itacen bedi, an rufa mata tampol. Na san zamanin da muke ciki na sojoji ne, mai hankali yakan rage magana. Abokaina na tasha sun ce in bar ta a ciki. Na gwada, wata goma sha ɗaya ke nan, ta ƙi zama. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, don haka da Hausa zan rubuta. Na yi ta sau uku da hannuna: ɗaya gare ka, ɗaya a liƙa a tasha, ɗaya a kai ƙauyenmu a karanta wa waɗanda suka rage.

1. Dokar da aka yi a kan iri

Ka tuna halin da aka shiga bayan damanar da ba a girbe komai ba. Rumbuna sun zama wofi tun sanyi bai fita ba. Shanu sun faɗi a bakin rijiya, masu su na tsaye suna kallo. Mutanenmu sun ci jiga da anza na daji, daga baya suka sauko da damin iri na gida, wanda ake ratayewa can saman rumbu ba a taɓa shi ko ana biki, suka sussuke suka ci. Ba wanda ya ga laifinsu.

Aikinku ya samo irin gero. Rabon Dutsin Aduwa da ƙauyuka biyu da ke jikinsa buhu arba'in ne. Ni na ɗauko su, ni na tsaya aka jera su a magaza, ɗakin ajiyar aikin. Sai aka yi doka a biro cewa ba za a fitar da ko tiya ɗaya ba sai ruwan shuka ya sauka, don kada mayunwata su cinye. Irin kuma an barbaɗe shi da jan maganin ƙwari, aka ce hakan ma zai taimaka ya hana a kai shi turmi.

Ban ce dokar wauta ce ba. Na san abin da yunwa take sa mutum. Amma dokar nan a kan ƙafa ɗaya take tsaye, wato kamyo, babbar motar kaya ta aiki. Kowane manomin arewa ya san in ruwa ya sauka yau, ƙasarmu kwana biyu take riƙe laima, in an yi sa'a uku. Wanda bai saka iri a kwanakin nan ba sai ya jira wani ruwan, kuma a wajenmu ba wanda ya san ranar wani ruwan.

2. Laifina, kafin in zo ga naka

Akwai wani buzu abokin yayana, ana ce masa Agali. Farin ya bar masa raƙuma uku daga cikin garke. Tun ubanninmu na raye, gidansu ne ke yi wa ƙauyenmu jigila. Al'adarmu ita ce, idan watan shida na manoma ya kama, a ɗauko daga Tawa duk abin da damana za ta nema, gishiri da ruwan hauya da iri in ya kasa, a ajiye a rumbun mai gari kafin ƙoramu su kawo ruwa su datse hanya. Ba a jiran hadari kafin a yi wannan.

Wata Lahadi, ranar kasuwa, Agali da Abarshi suka zo gidana. Sun ji labarin dokar. Agali ya ce tunda an hana fitar da irin, shi zai zauna da raƙumansa a gefen gari, ko da ƙaya ce su ci, ranar da ruwa ya sauka ya durƙusar da su a ƙofar magaza.

Ranka ya daɗe, dariya na yi masa. Ina sanye da rigar kaki ta aiki, makullin mota na rataye a ƙuguna, na ce musu su har yanzu suna zamanin raƙumi. Na ce tafiyar da yake yi kwana biyu, rabin yini ce a wurin Gwaggo. Gwaggo ita ce kamyonmu, haka muke kiranta a garaji saboda tsufa da yawan tari.

Agali ya dube ni ya ce, "Asumana, kwana biyu nika yi, amma ina isa."

Na ce ya tafi kudu inda dabbobinsa za su sami haki, kada su mutu a banza suna jiran abin da mota za ta yi. Abarshi ya ce, "Tunda kai ka ce, mun dogara ga Allah, mun saurare ka." Washegari Agali ya kora raƙumansa ya nufi kudu. Ni na kore shi, da bakina, don in nuna wa yayana cewa ƙanensa ya zama wani abu a birni. Wannan laifin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

3. Musayar da aka yi

Kwana goma sha ɗaya kafin ruwa ya sauka, na zo aiki da safe na tarar babu Gwaggo a garaji. A gurbinta ga wata jar mota mai kujera biyu, a kwance a ƙasa tana walƙiya, ma'aikata sun kewaye ta. Aka ce an yi wa Gwaggo takardar cewa ta gama aiki, wani Alhaji ɗan kasuwa daga ƙetaren iyaka ya tafi da ita, ya bar wannan a madadinta. A takardar biro an rubuta ta da sunan motar zirga-zirgar darakta.

Na shigo wurinka na cire hula, na tuna maka da buhu arba'in. Ban manta amsarka ba. Ka ce a Yamai ake raba taimako, wanda ya makara a taro yankinsa ne ke asara, kuma da wannan motar kana iya kwana a Tawa ka yi taron hantsi a can. Ka ce an yi alkawarin sabuwar kamyo. Ka dafa kafaɗata ka ce, "Ruwa da saura, Asumana. Sabuwa tana bisa hanya."

Har yau da nake rubutu tana bisa hanya. Gwaggo kuwa, wadda aka ce ta gama aiki, na gan ta da idona a watan jiya, an labta mata albasa har sama, tana tari tana tafiya abinta.

4. Ita kanta motar

Zan yi mata adalci, don ni direba ne, na shekara ashirin da shida ina shiga ƙarƙashin motoci. Ban taɓa tuƙa abu mai daɗinta ba. Ranar da ka ba ni ita na gwada a kan kwaltar Konni, na taka ta, itatuwa suka riƙa wucewa ban iya bambanta su ba. A kwana ba ta karkata, birki kuwa kafin ka gama tunani ta tsaya. Raina ya biya, ba zan ɓoye ba. Na dawo ina murmushi kamar wanda aka yi wa kyautar doki.

Amma wanda ya san mota ya san ba a samun komai a jikinta kyauta. Duk abin da maƙerinta ya ba ta, ya ƙwace wani abu ne ya biya. Yana son ta yi gudu ba ta kife ba, sai ya kwantar da ita ƙasa. Na auna, tsakanin cikinta da ƙasa bai cika taƙi ɗaya ba, alhali Gwaggo akuya takan shiga ƙarƙashinta ta sha inuwa a tsaye. Yana son ta yi sauƙi, sai ya cire kujerun baya, ya rage akwatin kaya ya zama buhu ɗaya ma sai an danna. Yana son ta riƙe hanya, sai ya sa mata sifirin mai tauri da taya mai faɗi marar kauri, wadda tsakuwa ɗaya mai baki take fasawa. Injinta ba ya shan esansi, wato fetur, na kwalba irin wanda muke samu a ƙauye, sai mai tacewa na gidan mai. In wani ƙarfe ya karye a jikinta, babu maƙerin da zai ƙera shi a Tawa, sai an aika ƙasar da aka yi ta.

Mutumin da ya ƙera ta bai yi wa kowa ƙarya ba. Ya yi ta ne don mutum ɗaya mai ƙoshi, shi da wanda yake so, a kan hanya mai santsi, ba kaya, ba gaggawar da ta wuce ta nishaɗi. Bai taɓa jin sunan Adar ba, bai san muna da duwatsu masu yanka taya da ƙoramu masu yashi har gwiwa ba. Kai ka sani, ranka ya daɗe. A nan aka haife ka.

5. Ranar da ruwa ya sauka

Ranar Talata da la'asar aka yi ruwa a arewa, ruwa mai kyau irin wanda aka yi shekara biyu ba a gani ba. Laraba da sassafe labari ya iso. Muka bi gari neman kamyo. Na gwamnati duk suna dajin rabon abinci. Na 'yan kasuwa kuwa, akawu ya ce ba shi da ikon ɗaukar haya sai an sa hannu daga Yamai. Ka buga waya, aka ce mai sa hannun yana taro.

Sai ka miƙo mini makulli ka ce, "Ɗauki tawa, ta hi kowace mota gudu. Ka yi sawu-sawu." Na ga a fuskarka da gaske kake, kana ganin alheri ka yi. Na so in ce maka ba za ta kai ba. Ban faɗa ba, don ƙarami ba ya musu da babba a gaban mutane, kuma don ba ni da wata dabara.

Buhu biyu ta ɗauka. Ɗaya a akwatin baya, murfin a ɗaure da igiya, ɗaya a zaune a kujerar gefena. Buhu biyu daga cikin arba'in. Da na bar hanya mai kyau na shiga tamu, na koma tafiyar da mai ƙafa zai iya jerawa da ni, ina jin duwatsu na gogar cikinta. Sau huɗu na sauka na kawar da dutse da hannu. Bayan Barmu, a ƙoramar da ke da gangare, ta sauka da hanci, wani dutse da ruwa ya tono ya fasa tukunyar baƙin mai da ke ƙasan inji. Na tsaya ina kallon man yana bin yashi. Azahar ba ta yi ba.

Na zauna a bakin ƙoramar nan ina shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ina ganin rana tana shanye ta. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, na yi kuka, ni da furfurata.

Wajen la'asar wata dattijuwa ta zo wucewa tana kora jaka, ta ɗora mata tulu biyu. Jakar duk haƙarƙari a waje. Matar ta dubi motar, ta dube ni, ta ce, "Wanga abu mi aka yi da shi?" Da na gaya mata abin da ke cikin buhunan, ba ta ƙara tambaya ba. Ta sauke tulunanta ta ɓoye a gindin wata aduwa, muka ɗora wa jakar buhu ɗaya, ɗayan muka raba, na ɗauki rabi a ka, ta ɗaure rabi a zane. Mun isa Dutsin Aduwa ranar Alhamis da hantsi.

Duk gari na bakin hanya. Tun Laraba maza suka sassare gonaki da sungumi, ramuka a jere, suna jiran abin zubawa. Abarshi ya dubi bayana, ya dubi hanya, ya ce, "Ina sauran?" Na ce suna Tawa. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Mai gari ya raba buhu biyun nan ga gida sittin da ɗoriya, kowa ya sami abin da bai cika ƙwarya ƙarama ba.

6. Kamyon da ta zo wofi

Wannan ita ce maganar da ta hana ni barci wata goma sha ɗaya, ina roƙonka ka karanta ta sau biyu.

Na aika maka da saƙo ta hannun wani mai zuwa Barmu cewa mota ta lalace a ƙorama. Ranar Juma'a, kwana na uku, ƙasa na da sauran laima a kwari, na koma ina gadin motar, sai ga kamyo babba ta iso ƙoramar. An same ta. Hannun da ya gagara sawa ranar Laraba ya sawu cikin yini ɗaya. Na ruga na leƙa bayanta. Babu komai sai katako biyu da igiya da mutum shida masu ɗagawa. Na tambayi direban ina irin. Ya ce shi an ce masa ya ɗauko motar darakta kafin wani ruwa ya zo ya tafi da ita, ba a yi masa maganar iri ba.

Ranka ya daɗe, kamyon nan ta fito daga Tawa ta bi ta ƙofar magaza. Babu wata hanyar arewa sai wannan. Buhu talatin da takwas suna ciki. Minti nawa ne lodin buhu talatin da takwas ga mutum shida?

Irin ya iso ƙauye a kwana na tara. Ƙasa ta bushe ƙamas. Wasu suka yi binne, wato suka zuba a busasshiyar ƙasa suka rufe suna jiran ruwa. Ɓeraye suka tone rabi. Rabin da ya rage yayyafi ya taɓa shi ya tsiro, rana ta ƙone shi. Sauran mutane suka ajiye nasu a ɗaki. Kwana ashirin da uku ba a sake ruwa ba, ga yara suna kuka, ga hatsi a kusurwa. Mata suka riƙa kai shi bakin rijiya suna wankewa, su zubar da jan ruwa, su sake wankewa, har sau bakwai, su shanya su daka. Abin da aka yi doka don a hana, shi aka yi, sai dai an ci shi da magani a jiki. Da ruwa na biyu ya zo, abin shukawa kaɗan ya rage, kuma damanar arewa gajera ce, ta ɗauke gero bai fitar da kai ba.

A shekarar, ƙauyukan da suka shuka a ruwan farko sun girbe, kowa ya sani. A Dutsin Aduwa geron da ya yi zangarniya shi ne kawai na buhu biyun da jakar dattijuwar nan ta kai. Kowane gida ya sami dami ɗaya ko biyu daga ɗan fegin da ya shuka ranar Alhamis. Ka ninka wannan sau ashirin, ka ga abin da muka rasa.

Innata tana cikin waɗanda suka ci tuwon irin nan. Ta kwanta da ciwon ciki, ta tashi, ta sake kwanciya, ta rasu da sanyi ya shigo. Ban ce maganin ne ba, ni ba likita ba ne, kwana ne ya ƙare. Amma zuwana na ƙarshe ta kama hannuna ta ce, "Ɗan nan, kak ka sa ma ranka, mota ce ta ƙiya." Har ta mutu tana kare ni a wurin mutanen gari.

Ni kuwa biro ya ba ni takardar sallama, an rubuta cewa na lalata dukiyar aiki saboda sakaci.

7. Ko muna buƙatar mota?

Na yi ta juya tambayar nan tunda na rasa aikin yi. Da mota na ciyar da iyalina, ba zan zage ta ba. Na kai marasa lafiya likita da ita, sun rayu. Dawar taimako da ta tsare ran mutane a farin nan, manyan motoci ne suka kawo ta daga bakin teku. Wanda ya ce mota ba ta da amfani bai ga yunwa ba.

Amma ubanmu da jakai huɗu ya yi shekara arba'in yana zuwa Tawa, bai taɓa rasa ruwan shuka ba. Ba don jakansa sun fi mota sauri ba. Don ya san su masu nawa ne, yana tashi da wuri. Mu da muka sami abin da ke yin tafiyar a rabin yini, sai muka daina tashi da wuri. Muka yi doka a kan saurinta, muka sallami mai raƙumi, muka bar jakai suka ƙare ba mu maye su ba. Mota ba ta zo ta ƙaru a kan abin da muke da shi ba. Ta zo ta zauna a gurbinsa, sannan wani ya sa hannu a takarda ta tafi, muka waiga babu ko ɗaya.

Jakin talaka nasa ne, yana ɗaure a ƙofar gidansa, ba sai an buga waya Yamai kafin a ɗora masa kaya ba. Motar aiki kuwa ta mai makulli ce. Mutanen Dutsin Aduwa ba su taɓa roƙon a kai su ko'ina da gudu ba. Abin da suke so shi ne abu ya iso ranar da ake buƙatarsa. Kai kana buƙatar isa taro da hantsi, na yarda. An zaɓi hantsinka a kan damanarmu, kuma ba a tambaye mu ba.

Ba na jin maganar nan za ta gyara komai. Ina ganin samarin biro yadda suke shafa jar motar in sun wuce, kowa burinsa ya kai matsayin da zai sami irinta. Ni ma na shafa ta. Wanda zai gaje ka zai so wadda ta fi ta.

8. Abin da nake roƙo

Na ji an sake kawo iri bana, yana magaza, kuma dokar tana nan yadda take. Watan shida ya kama. Hadari ya fara haɗuwa gabas da la'asar. Kamyo babu. Don haka, da ladabi:

Na farko, a fitar da irin yanzu, a kai rumbun masu gari kamar yadda iyayenmu suke yi. In mutane sun ci wani abu daga ciki, sun ci. Wanda iri ke hannunsa ranar ruwa zai shuka ko tiya ɗaya ce ta rage.

Na biyu, a nemi masu jakai da raƙuman da suka saura, a ba su aikin kai shi. Agali ba ya cikinsu. An ce biyu daga raƙumansa sun mutu a kudu, ya sayar da na ukun, yanzu gadi yake yi a wani birni.

Na uku, ba na neman a mayar da ni aiki. Amma takardar da ta ce sakacina shi ne fasa tukunyar mai, a gyara ta. Sakacina shi ne dariyar da na yi wa Agali. A rubuta wannan, zan sa hannu.

Na huɗu nawa ne ni kaɗai. Daga gida sittin da ɗoriya, goma sha huɗu suka rage a Dutsin Aduwa, yawanci tsofaffi. Bayan sadakar arba'in ta Inna, Abarshi ya kai matarsa da 'ya'yansa gidan surukansa, ya kama hanyar Abijan. Ta Tawa ya bi, don a nan ake shiga mota. Ya yini a tasha, tafiyar minti goma daga gidana, bai shigo ba. Da na dawo daga masallaci na tarar da sungumin ubanmu a jingine a ƙofar gidana, ƙotarsa ta yi baƙi da gumin mutum biyu. Bai bar saƙo ba. Matata ce ta hango bayansa yana tafiya.

Na sayar da rediyona da agogona na sayi jaka ɗaya, ramammiya ce amma tana tafiya. Ina roƙon a ba ni rabin buhu, rabon gidanmu, in tashi tun yanzu. Kwana biyu zan yi. Shekarata hamsin da uku, rabona da sungumi tun ina saurayi, ban san ko bayana zai iya ba, ban san ko ruwan zai zo ba. Amma ba na son gonar ubana ta ga ruwan farko babu kowa tsaye a cikinta. Gobe da safe zan zo ƙofar magaza da jakar, in tsaya inda Agali ya so ya tsaya. In sakatare ya ce ka tafi Yamai, zan dawo jibi.

Allah ya ba ka lafiya, ya raya maka zuri'a, ya tsare ka daga sharrin hanya. Allah ya sa kada ka taɓa tsayawa a gaban ɗan'uwanka ya tambaye ka ina sauran. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu damana mai albarka, ya sa ta tarar da iri a hannun masu shuka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Asumana Illa,
tsohon direba, Tawa.